Muryar Baba a Bakina

Alhamis, 3 ga Agusta, 2023

Sun ɗauke kuran, wutar lantarki, daidai lokacin da jarumin ya cusa kansa cikin bango. Rabin jikinsa a ciki, rabi a waje, sai tele ta yi ɗif. Na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashi kamar wata sakarya. Jibi Asabar zan yi sharhin wannan kashi na fim ɗin a shirina na rediyo, ga shi rabinsa kawai na gani.

Tun da sojoji suka karɓi mulki aka garƙame iyaka, Najeriya kuma ta yanke mana wuta. Ni da na zo daga Kano da ƙaramar jaka, wai in duba Baba in koma karatu. To ga ni nan. Kayana sun ƙare, na Inna nake ara, sai in fito kamar wadda za ta rabon goron suna.

Gurub ɗin gidan nan, injin wuta, na ɗakin Baba ne kaɗai, saboda fanka da firijin magani. Ban isa in ce a tayar da shi don in kalli wani ƙato cikin matsattsun kaya yana ratsa gini ba. Yaya Chaibu sai ya cinye ni ɗanya.

Baba ya sha koko, ya ci rabin ƙosai. Hannun dama har yanzu kamar ba nasa ba. Magana kuwa babu, sai wannan "a… a…" da ke fitowa daga maƙoshi, in ya gaji ya rufe ido. Mutumin da in yana waya a zaure ake jin sa daga bakin titi.

Juma'a, 4 ga Agusta

Bari in rubuta abin da na gani kafin ya zube.

Wani birni ne nasu na can, mai gidaje har sama. Akwai wani tsohon injiniya da ya gina musu ruwa da wuta, kowa na jin maganarsa. Ya ƙera wata na'ura mai tunani, irin wadda 'yan labarai ke ce wa ƙirƙirarriyar basira, don ta taya shi aiki. Kullum da safe muryarsa na fitowa ta lasifika: a buɗe wancan famfo, a rufe waccan unguwa, kar kowa ya fita yau. Mutane na bi. Shekara guda ba wanda ya sa shi a ido. Sai jarumin ya fara zargi. Ni Mai Ratsa Bango na raɗa masa, don sunansa na asali ba zai zauna a bakin masu saurarona ba. Ya je gidan tsohon, ya cusa kai, nan aka tsaya.

Abin da ya burge ni: na'urar ba ta da jajayen idanu, ba ta ruri. Ladabi gare ta har ya yi yawa. Abin da ya ba ni haushi: tsoho ya shekara bai fito ba, a ce ba wanda ya je dubiya? A Maraɗi ko mura ka yi, kafin la'asar an cika maka zaure da lemo da addu'a.

Ko da yake in yi a hankali da wannan. Mu ma tun da aka dawo da Baba daga asibiti Yaya ya tsare ƙofa. Likita ya hana, in ji shi. Duk unguwarmu ta Zariya an san Alhaji Jibo ba shi da lafiya, amma ba wanda ya san bakinsa ya tafi. Yaya ya ce ranar da kasuwa ta ji, duk wanda ke hulɗa da gidan nan zai janye, don Baba bai taɓa sa hannu a takarda ba. Hatsi, atamfa, kamiyon ɗaukar kaya, duk da saƙon murya yake ƙulla su a waya, kuma maganarsa ta ishi kowa.

Asabar, 5 ga Agusta

Shirin ya yi kyau, ba yabon kai ba.

Da yake rabin labari gare ni, sai na cike da wasa. Akwai wata manhaja da ƙawata Munira ta turo mini daga makaranta: ka ba ta muryar mutum ta saurara, sannan ka yi magana da bakinka, ta fitar da maganar da muryarsa. Malam Nasser, daraktan rediyo, ya yarda in gwada da tasa. Na ce wa masu saurare abin da suka gani a fim ba tatsuniya ba ce, su kasa kunne. Na yi magana, sai ga muryar Malam Nasser tana cewa daga yau duk ma'aikaci zai riƙa samun tsire da rana. Shi yana bayan gilashi ya riƙe ciki.

Waya ta yi ta shigowa. Wata daga Jiratawa ta ce ko zan iya sa muryar maigidanta ta yi mata alkawarin leshi, tana da shaidu. Wani ya ce ƙarshen duniya ke nan. Wani kuma ƙarshen fim ɗin kawai yake so, na ce ya bari sai masu wuta sun ga dama.

Na dawo a kabu-kabu ina ta murmushi ni kaɗai. Rabona da in ji ni mutum ce tun ranar da Baba ya faɗi.

Litinin, 7 ga Agusta

Tsuntsun da ya ja ruwa. Ashe Yaya ya ji shirin a mota.

Bayan azahar ya kira ni falonsa, ya rufe ƙofa, har da zuba mini lemo, shi da ko gaisuwata da kai yake amsawa. Ya ce wannan abu da na yi da muryar darakta, zai yiwu da ta Baba? Na ce don mi.

Maganar geron Tsibiri ce. Baba na da mangaza can, ɗakin ajiya cike da gero, makullin na hannun Kawu Maman Lawali, ɗan kawun Baba kuma taubashinsa. Duk damina, in rumbunan mutane sun ƙare kafin sabo ya nuna, Kawu Lawali kan buɗe ya auna wa mutanen ƙauyukan kewaye, su mayar da kaka. Haka Baba ke yi tun kafin a haife ni. Bana gero ya yi tashin gwauron zabi, Yaya ya samu mai saye duka. Ya kira Kawu, Kawu ya ce shi bai san wani Chaibu ba a maganar mangaza, sai ya ji daga bakin Jibo.

Ban ce Yaya mugu ba ne. Ya lissafa mini: kamiyoyinmu na tsaye a wancan gefen iyaka, kaya na lalacewa, gidan nan cike da bakuna, maganin Baba ya fara wuya a farmasi. Idonsa ya faɗa, ya rame. Ya ce ba ƙarya za mu yi ba, da Baba na iya magana abin da zai faɗa ke nan.

Sannan ya ajiye wadda ya san za ta kama ni. Ya ce in an gama, yana da mutum amintacce da zai bi da ni ta ɓarauniyar hanya har Jibiya, in kama motar Kano.

Talata, 8 ga Agusta

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. An yi ruwa, tsakar gida ta cika.

Laraba, 9 ga Agusta

Munira ta ce an kafe ranar jarrabawa, malamin da ke duba aikina ya tambaye ni har ya gaji. In ban zo ba shekara ta tafi.

Na goge wa Baba baki, na juya shi, na shafa masa mai a baya. Na share ɗaki. Na leƙa ƙofar gida na ga titi, na dawo. Wallahi wani lokaci ji nake katangar gidan nan na matsowa. Ina son Baba, amma ina son in fita, kuma na gaji da jin kunyar faɗin haka ko a nan.

Alhamis, 10 ga Agusta

Na karɓi wayar Baba daga hannun Yaya.

Wurin da ke da wuta ɗaya ne, don haka a ɗakin Baba na jona ordinatar, kwamfutata, na zauna a ƙasa gefen gadonsa, na toshe kunne. Saƙonni ba iyaka. Baba na ciniki, Baba na faɗa da direba, Baba na yi wa wani ta'aziyya, Baba na tari yana cewa a kawo masa shayi bai san yana ɗauka ba. Ina ji a kunnena, ga shi kwance yana kallon silin. Sai da na fita bayan gida na yi kuka na wanke fuska.

Na Kawu Lawali sun fi yawa, kuma ba mai kyan ji ko ɗaya. "Kai bawan gidanmu, mai kai kamar ƙwaryar fura, ka tashi ko sai na aiko a ɗaga ka?" in ji Baba. Kawu kuma ya amso da cewa ɗan birni mai tumbin banza, wanda bai san gero ba sai a tuwo. Sai sun gama wanke juna tas sannan a yi maganar aiki cikin kalma biyu. Taubasai ke nan, tsufa bai rage musu komai ba.

Na zuba wa manhajar duka ta saurara. Baba ya juyo ya dube ni, na ce masa aikin makaranta nake. Ya lumshe ido alamar to.

Asabar, 12 ga Agusta

An maimaita kashin, na kalla a gidan rediyo kafin shiri, su suna da wutar hasken rana.

Mai Ratsa Bango ya ƙarasa shiga. Tsoho na kwance cikin dogon suma, wayoyi ko'ina a jikinsa. Na'urar ta gaishe da jarumin da muryar tsohon, ta ce ita ba ta taɓa faɗin abin da maigidanta ba zai faɗa ba, don mutane kar su firgita take yi. Nan na kauda kai daga tele, mai haɗa sauti ya ce lafiya, na ce masa fanke na ci da safe.

Daga nan fim ya lalace. Jarumi ya ɗaga hannu ya narka mata naushi, wuta ta yi tartsatsi, gini ya girgiza, tsoho ya buɗe ido garau ya ce na gode ɗana. Shi ke nan, kiɗa ya tashi. Na faɗa a iska cewa wannan lalaci ne: sun ɗauko tambaya mai nauyi, da ta yi musu nauyi suka kira ƙato ya doke ta. Kuma mi ya sa mai iya ratsa bango sai ya fasa shi in zai fita? Wa zai biya magini?

An yi dariya. Sai wani dattijo ya kira, bai faɗi sunansa ba, ya ce 'yata, to ke a ganinki na'urar ta yi laifi ko ba ta yi ba, tunda alheri take nufi? Na ce lokaci ya ƙure, na sa aka saki kiɗa. Lokaci bai ƙure ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Litinin, 14 ga Agusta

An yi.

A ɗakina na ɗauka, da hantsi, ƙofa a rufe. Na san yadda Baba ke buɗe saƙon Kawu, na ji shi har na haddace. Na buɗe baki in ce "kai bawan gidanmu", bakina ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Kawu Lawali fa. Mutumin da in ya zo nake durƙusawa har ƙasa, wanda ke kawo mini rake da gyaɗa tun ina yawo ba ɗankwali. Ko ba kowa a ɗakin, ko da muryar wani za ta fita, ni ce dai zan ce masa mai kan ƙwarya. Ban iya ba.

Sai na ce: "Salamu alaikum, ɗan'uwa Lawali. Ina gajiya, ina iyali. Jiki da sauƙi. Don Allah ka ba Chaibu makullin mangaza, bana akwai lalura. Na gode, Allah ya bar zumunci."

Muryata ta shiga ta mace, ta fito ta Baba. Har ɗan kaushin nan na maƙoshi, har yadda yake jan numfashi kafin ya ambaci Allah. 

Yaya ya saurara, ya goge ido da hannun riga ya ce madalla. Shi bai taɓa zama ya ji yadda suke magana da Kawu ba, ba ruwansa da shirmen tsofaffi. Ya tura daga wayar Baba. Na san akwai abin da babu a ciki, na ce a raina ba komai, mara lafiya ai yakan yi laushi.

Talata, 15 ga Agusta

Kawu ya buɗe saƙon, alama ta nuna. Bai amsa ba.

Laraba, 16 ga Agusta

Shiru har yanzu. Yaya na ta safa da marwa tsakanin zaure da falo, mai saye na matsa masa. Ni kuwa na wanke jakata na shanya, Inna ta dube ta ta dube ni, ba ta tambaya ba. Inna ba ta san komai ba, ko kuma ta sani ta zaɓi ta ciki na ciki. Da ita ba a ganewa.

Alhamis, 17 ga Agusta

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi kabu-kabu ya tsaya a ƙofa. Kawu Lawali ne, taɓo har gwiwa, hularsa a karkace. Ina ɗakin Baba na jiyo Yaya na yi masa bayanin likita. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan nan, kauce. Tun muna tsirara Jibo bai taɓa ce mini don Allah ba. Ranar da ya gaishe ni da ladabi har da na gode, to mutuwa yake. Na zo mu yafi juna."

Wa zai tare taubashi? Ya shigo.

Ya tsaya kan Baba ya dube shi, ya ga ido biyu, ya ga kwanon koko, sai ya saki ajiyar zuciya ya fara. Ragon banza, ka kwanta mata na yi maka hidima, dama can ba ka iya komai ba sai cika baki, tashi ka ɗaukar mini takalmi. Wallahi gefen fuskar Baba mai motsi ya ɗaga, dariya yake. Rabon da in ga haka tun kafin ciwon. Kawu ya gama ya dakata, yana jiran a rama.

Baba ya buɗe baki. "A… a…" Ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta fito. Kawu ya dube shi, ya dubi Inna, ya zauna a bakin gado a hankali. Ya tambayi Inna tun yaushe. Ta ce tun ranar da ya faɗi.

Sai ya laluba aljihu ya fito da wayarsa. Na so ƙasa ta tsage. Ya danna, muryar Baba ta cika ɗakin, tana gaisuwa, tana don Allah, tana ba da makulli.

Ba zan manta fuskar Baba ba. Da farko ya zaro ido yana neman mai magana. Sannan ya gane tasa ce. Ya ji ta har ƙarshe, har Allah ya bar zumunci. Ya dubi Yaya a bakin ƙofa. Sannan ya juyo a hankali ya dubi ordinatar da ke jone a gefen gadonsa, ya dube ni.

Ba wanda ya tambayi wa ya yi. Kawu ya mayar da waya aljihu ya ce, "Mu ma muna kama rediyo a Tsibiri, Khaulat."

Ya ce wa Yaya gobe zai buɗe mangaza ya auna wa mutane kamar kowace shekara, in Jibo bai yarda ba ya ɗaga hannu. Baba bai ɗaga ba. Ya ce kuma da Yaya ya zo da bakinsa ya ce gida na cikin matsi, da ya ware masa abin da zai sayar, don shi ma ba dutse ba ne, kuma har yanzu zai ware. Yaya ya fita.

Juma'a, 18 ga Agusta

Na kai koko, Baba ya juya fuska bango. Na zagaya, ya rufe ido ya datse baki. Inna ta karɓi kofin ta ce je ki. Daga hannunta ya sha.

Yaya ya ce da gangan na yi, na san tsohon zai gane. Ba maganar Jibiya, kuma rediyon da ya jawo wannan na bar shi ke nan. Na ce masa ba da gangan ba ne. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa.

Asabar, 19 ga Agusta

Lokacin shirina Malam Nasser ya sa waƙoƙi. Ina jiyo su daga rediyon maƙwabta.

Da an bar ni na je, ga abin da zan ce, tunda dattijon nan na bina amsa.

Masu fim ɗin matsorata ne. Sun sa tsohon cikin suma don kar su nuna fuskarsa lokacin da yake jin muryarsa na faɗin abin da bai ce ba. Da sun bar shi ido biyu, da ba su buƙaci naushi ba, da ba wanda zai iya cin tuwo bayan kallo. Kuma sun ɗora wa na'ura komai, wai ita ta yanke shawara, don a samu abin dokewa a huta. Tawa na'urar ba ta son gero, ba ta son zuwa Kano. Abin da na faɗa ta maimaita. A fim ɗin ba a nuna wanda ya tattara muryar tsohon ya ba ta ba, wanda ke shiga ɗakin yana goge masa baki. Dole akwai shi. Shi nake son gani, ba mai matsattsun kaya ba.

Kashin dai a kalla, rabin farko ya cancanta. In an zo wurin naushi a tashi a ɗora girki.

Litinin, 21 ga Agusta

Labari ya fita, ba mai rufe bakin Tsibiri. Zaure ya cika da 'yan dubiya, lemo har ba wurin ajiyewa. Wasu abokan hulɗa sun janye kamar yadda Yaya ya faɗa, bai yi ƙarya ba. Wasu kuma sun zo sun zauna da shi suna shawara. Ni ke kai ruwa da tabarmi, kaina a ƙasa, ban san wa ya sani ba.

Laraba, 23 ga Agusta

Abin kunya, amma wa zai gani.

Na buɗe ordinatar don in goge muryar. Kafin in goge sai na ce bari sau ɗaya. Na ce, "Khaulat, na yafe miki, Allah ya yi miki albarka." Ta fito da muryar Baba, cif. Na saurara. Ba ta yi mini komai ba, don ina jin inda na haɗiye yawu a tsakiya, nawa ne. Na ji ƙyamar kaina kamar na saci nama a tukunyar gidan makoki.

Na goge. Saƙonninsa na gaskiya na bar su, har da na zagin.

Juma'a, 25 ga Agusta

Kawu ya zo cin kasuwa ya biyo, ya zage Baba tas ya sha fura. Da zai fita ya same ni a tsakar gida ina wankin zanen gado. Na durƙusa, na kasa ɗago kai. Ya ce in bar Baba ya yi fushinsa, fushi ma magana ce, kuma ita kaɗai ta rage masa da ba mai yi a madadinsa. Ya ajiye mini ƙullin gyaɗa a kan turmi.

Har yanzu Baba ba ya karɓar komai daga hannuna. Ina dai shiga in share, in zauna. Mai gashin ƙashi da ke zuwa motsa masa hannu ya ce a riƙa sa shi ƙoƙarin furta kalma, kar a riƙa tarar numfashinsa. Inna ba ta da haƙurin wannan, tausayi ke sa ta cika masa. Ni ce mai zama.

Talata, 29 ga Agusta

Munira ta kira, ban ɗauka ba. Ba ni da abin faɗa mata.

Juma'a, 1 ga Satumba

Kawu ya sake zuwa. Bayan an sauko daga masallaci muna ɗakin Baba, ni da Inna da shi, Yaya ya shigo gaisuwa. Sai Kawu ya ɗauko maganar da ban sa shi ba. Ya ce yarinyar nan a bar ta ta koma karatunta, shi ma ya san masu bi da mutane ta daji lafiya. Yaya ya ce ba inda za ta. Kawu ya ce kai wa ya tambaye ka, ga ubanta kwance da ransa. Ya juya wajen Baba ya ce, kai bawa, a bar ta ta tafi ko a'a?

Baba ya buɗe baki, wani sauti ya fito, dogo, a karye. Bai yi kama da e ba, bai yi kama da a'a ba, bai yi kama da komai ba. Sai duk suka juyo suka dube ni, har Yaya, don an saba ni ce mai zama da shi, ni ake tambaya mi yake nufi. Duk abin da na ce ya ce, shi ke nan ya ce. Kawu ma har ya ɗan gyaɗa mini kai.

Na ji Kano a bakina, wallahi na ji ta.

Na ce, "Ban gane ba, Baba. Sake faɗa."

Ya dube ni. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun ranar nan. Ya sake, ban gane ba, na faɗa masa ban gane ba. Inna ta motsa za ta sa baki, Kawu ya ɗaga mata hannu. Gumi ya keto wa Baba a goshi. Da ya gaji, ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya nuna kofin ruwa a kan tebur. Inna ta miƙa hannu, ya kauda kai. Ya sake nuna kofin, yana kallona.

Na tallafi kansa na ba shi. Ya sha, rabi na zuba a wuyan riga, na goge.

Kawu ya ce ka ji ɗan banza, ana maganar ilimi yana maganar cikinsa. Maganar Kano ba a ƙarasa ba, ya ce a sake tambayarsa wata Juma'ar in ya huta. Na ce to, ai ba sauri nake ba. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba. Don dai a rufe zancen ne na faɗa.